GYARAN ROBAR BABUR A GIDA

Darasi na 14

Yau da wuya mutum ya shiga ƙauye bai ji kukan babur ba. Da shi a ke kai hatsi kasuwa, da shi a ke ɗauko taki, da shi kuma a ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Aikin da jaki da keke su ka yi wa iyayenmu, yanzu babur ne ya ke yi mana shi.

To, amma ku dubi baburan da a ke jinginewa a bakin kasuwa. Wannan madigadinsa ya tsage. Wancan murfin gefensa ya faɗi, batir a waje. Wani kuwa an ɗaure robarsa da tsumma, tana ta kaɗawa kamar kunnen akuya. In ka tambayi mai shi, sai ya ce, "Ai roba ce kawai, ba inji ba."

Wannan magana kuskure ce. Kowace roba da ke jikin babur da aikinta. Madigadi shi ne mai tare taɓo da tsakuwa, kada su fantsamo wa mai tuƙi a ido. Murfin gefe shi ke kāre batir da wayoyi da matatar iska daga ruwa da ƙura. Gidan fitila shi ke riƙe fitila ta haska hanya sosai. In waɗannan su ka lalace, sauran babur ba ya daɗewa. Sayen sabuwa kuwa kuɗi ne, wani lokaci ma sai an je birni. Alhali yawancin tsagar roba mutum yana iya gyara ta a gida da hannunsa, in ya san hanya.

Kuskuren da na yi

Bari in ba ku labarin abin da ya same ni. Wata damina ina zagayen duba azuzuwa, sai santsi ya kwashe ni a wata gangara. Ban ji ciwo ba, amma madigadin gaba ya tsage. Da na koma gida na yanki tsohuwar jarka, na sa wuƙa a wuta, na narka robar bisa tsagar. Liƙin ya yi kyau a ido, har na yaba wa kaina.

Kwana uku kawai ya yi. Ina cikin tafiya a hanya mai gargada, liƙin ya ɓare kamar ɓawon rogo. Tsagar ta ƙarasa, ɓarin madigadin ya faɗa tsakanin taya da ƙarfe, ƙafar gaba ta cije. Sai ga ni a ƙasa. Na yi mako biyu ban iya ɗaga hannu na yi rubutu a allo ba.

Da na warke na kai ɓarin wurin wani dattijo mai liƙin bokiti a kasuwarmu. Na ce, "Baba, ina laifin aikina?" Ya jujjuya shi, ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ai roba dangi-dangi ce. Ka ɗaura aure tsakanin waɗanda ba su jituwa. Sa'an nan ba ka tsai da tsagar ba, ka rufe ta kawai."

Abu biyun nan da ya faɗa su ne tushen darasinmu. Ku riƙe su.

Roba iri-iri ce

Robar da mu ke magana a kai ba irin ta taya ba ce. Wannan mai tauri ce, daga man fetur da iskar gas a ke samun abin yin ta. Ba ta daɗe a jikin babur ba. A shekarar 1958 kamfanin Honda na ƙasar Japan ya fito da ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda madigadinsa na gaba da abin kāre ƙafafu na roba ne. Mutane su ka karɓe shi ƙwarai, har a shekarar 2017 yawan waɗanda aka ƙera ya kai miliyan 100. Sauran maƙera su ka bi sawu, domin roba ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, ga ta da araha. Baburan da mu ke kira roba-roba sun gaji siffar wannan babur ne.

Iri uku ne aka fi samu a jikin babur. Maƙera su kan buga sunan kowace a bayanta, watau gefen da ba a gani. In ka kwance robar ka wanke, ka duba da kyau cikin haske, sau da yawa za ka ga ɗayan waɗannan:

ABS
PP
PE

Harafin P ba ya cikin baƙaƙen Hausa da mu ka koya. Kada ya ruɗe ku. Kamar B ya ke, sai dai ba shi da cikin ƙasa. Malamin aji zai rubuta muku shi a allo.

ABS ita ce mai tauri da santsi, ita aka fi yi wa fenti mai sheƙi. In ka ƙwanƙwasa ta da farce tana ƙara sosai. In ta sha wuya, karyewa ta ke yi.

PP tana da ɗan laushi, tana lanƙwasuwa kafin ta karye. Sau da yawa baƙa ce, ba fenti, jikinta da ɗan kaushi. Da irinta a ke yin yawancin kujerun roba.

PE 'yar'uwar PP ce, amma ta fi ta sulɓi, kamar an shafa mata kakin zuma. Da ita a ke yin jarka. Ko da ya ke sun yi kama, in an narka su ba su kama juna sosai. Nan ne na yi kuskure: madigadina PP ne, jarka kuwa PE.

A gindin kayan roba na gida kuma a kan ga wata alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 5 ita ce PP. Lamba 2 da lamba 4 PE ne. Lamba 1 ita ce ta gorar ruwan sha, ba ta da amfani ga wannan aiki. Lamba 3 kuwa ita ce irin ta bututun famfo. Kada ku kuskura ku ƙona ta, hayaƙinta dafi ne ga huhu.

In ba ka ga rubutu ba

Wata roba ba ta da rubutu, ko kuwa ya goge. To, ga dabara biyu.

Ta fari: ka kankaro ɗan ɓarɓashi daga gefen da ba a gani, inda ba fenti. Ka jefa a kofin ruwa, ka danna shi ƙasa da yatsa, sa'an nan ka saki. In ya taso, PP ce ko PE, domin sun fi ruwa rashin nauyi. In ya nutse, mai yiwuwa ABS ce.

Ta biyu, ita ce mafi tabbaci: ka narka ɗan abin da za ka yi liƙi da shi a bayan robar, wurin da ba tsaga. Ka bari ya huce sarai. Sa'an nan ka kama shi da filaya ka ja. In ya ɓare sumul, ba danginta ba ne, ka nemi wani. In ya ƙi rabuwa, ka sami daidai.

Abin da ya fi duka sauƙi shi ne ka je wurin makaniki ka roƙi karyayyar roba irin ta baburinka, wadda aka yar. Ka yanka ta siri-siri kamar tsinken tsintsiya, kaurin bai wuce na karan ashana biyu ba. Su ne sandunan liƙinka.

Kayan aiki

Ba ka bukatar kaya masu tsada. Ga su:

1. Sifana da sukudireba, domin kwance robar.
2. Sabulu da ruwa da tsumma mai tsabta.
3. Wuƙa mai kaifi, da magagari ko samfefa.
4. Ƙusa guda, da filaya ta riƙe ta.
5. Ƙarfen liƙi. In akwai lantarki, irin na masu gyaran rediyo ya fi. In babu, tsofaffin wuƙaƙe biyu masu ƙotar icce, da kaskon gawayi.
6. Ɗan yankin ragar ƙarfe, irin wadda a ke sa wa taga domin sauro.
7. Waya mai laushi, da salatif.

Kafin ka hura wuta

A nan ne haɗari ya ke, saboda haka ku saurara da kyau.

Kada ka yi liƙi roba tana jikin babur. Tanki yana kusa, tururin fetur kuwa ba a ganinsa, amma yana kama wuta tun daga nesa. Ka kwance robar, ka tafi da ita can nesa da babur da duk inda a ke ajiye fetur.

Ka yi aikin a fili, ba cikin ɗaki ba. Ka zauna iska tana busowa daga bayanka, ta tafi da hayaƙi. Hayaƙin roba yana sa ciwon kai da tari, na gawayi kuma a rufaffen ɗaki yana kisa.

Ka kori yara. Ka ajiye bokitin ruwa kusa. Narkakkiyar roba ta fi ruwan zafi mugunta, domin manne wa fata ta ke yi. In ta ɗiga maka, ka yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har kamar minti 20. Kada ka fizge robar da ƙarfi, kada kuma ka shafa baƙin mai ko toka. In ƙunar tana da girma, sai asibiti.

Shirya tsaga

Ko wace hanya za ka bi, da wannan za ka fara.

Da fari ka kwance robar a hankali. Ka zuba notuna cikin kwano kada su ɓace. Wasu robobin suna da ƙugiya da ke shiga cikin 'yar'uwarta. In ta ƙi fita, akwai notin da ka manta. Kada ka fizga, in ba haka ba tsaga ɗaya ta zama biyu.

Na biyu, ka wanke ta da sabulu ciki da waje, ka shanya ta bushe. Maiƙo da ƙura su ne abokan gaban liƙi.

Na uku, ka tsai da tsagar. Ka bi ta da ido har inda ta ƙare. Ka ɗan lanƙwasa robar cikin haske, domin sau da yawa tsaga ta fi yadda a ke gani tsawo. Daidai bakin ƙarshenta ka huda ƙaramin rami da ƙusa mai zafi. Ga dalili. Kun san in zane ya fara yagewa, ja kaɗan ya isa ya ƙarasa shi, domin duk ƙarfin ja yana taruwa a bakin yagar. Haka tsagar roba ta ke. Rami zagayayye ba shi da baki mai tsini, sai ƙarfin ya watsu kewaye da shi, tsagar ta tsaya. Wannan ne dattijon nan ya ce ban yi ba.

Na huɗu, ka haɗa bakin tsagar daidai yadda ya ke tun asali, ka manna salatif ta waje ya riƙe. Duk aikin ƙarfi ta ciki za a yi shi, inda ba a gani.

Hanya ta ɗaya: ɗinki

Kowa ya san gyartai. In ƙwarya ta tsage, ya kan huda nan da nan, ya ɗinke ta, ta koma aiki. Haka a ke yi wa roba. Wannan hanya tana yi wa kowace irin roba, ko ka san danginta ko ba ka sani ba.

Ka huda ramuka biyu-biyu, ɗaya a wannan gefen tsaga, ɗaya a wancan. Kowane rami ya yi nisan kamar rabin inci daga tsagar. In ya matso kusa ƙwarai, waya za ta yaga bakin. Tsakanin ɗinki da ɗinki kuma a bar rabin inci ko ɗan fiye.

Ka yanka waya gajeru-gajeru. Ka zura kowace ta waje, bakunan biyu su fito ta ciki, ka murɗe su da filaya. Ka murɗa har tsagar ta haɗu, sa'an nan ka tsaya. Ka datse saura, ka kwantar da bakin wayar ya bi jikin roba. Bakin waya da aka bari tsaye yana huda taya, yana kuma yanka wayar lantarki.

Ɗinki ba shi da kyan gani, ruwa kuma yana ɗan bi ta ramukan. Amma yana da ƙarfi, kuma ko a kan hanya ana iya yinsa.

Hanya ta biyu: liƙi da zafi

Wannan ita ce gyara ta sosai. Ba shafa narkakkiyar roba bisa tsaga a ke nufi ba. Abin da a ke so shi ne bakin tsagar biyu da sandan liƙi su narke tare, su gauraya, su huce su zama abu guda.

1. Ta ciki, ka kankare fenti da datti faɗin yatsa guda kowane gefe, har robar ainihi ta fito.

2. Ka fafe tsagar da bakin wuƙa ta zama ɗan kwari, kamar lambatu a gona. Zurfinsa ya kai rabin kaurin robar. Nan ne narkakkiyar roba za ta kwanta.

3. Ka gwada zafin ƙarfenka a jikin wata roba ta banza. Ruwa yana tafasa a digiri 100. ABS tana fara laushi in an ɗan wuce haka. Robar jarka tana narkewa wajen digiri 130, PP kuwa wajen digiri 160. Amma ƙarfen da ya yi ja a wuta ya wuce digiri 500. Kun ga ke nan jan ƙarfe ƙona roba ya ke yi. In ka ga hayaƙi mai yawa, ko roba tana kumfa tana sāke launi, zafi ya yi yawa. Ƙonanniyar roba ba ta da ƙarfi, marmashewa ta ke yi. Zafin da a ke so shi ne wanda roba za ta yi laushi tana sheƙi kamar man shanu a rana.

4. Ka fara ɗana ƙarfen a wuri uku ko huɗu, farko da tsakiya da ƙarshe, domin bakunan su kama juna kada su goce.

5. Yanzu ka kwantar da sandan liƙi cikin kwarin. Ka dafa ƙarfe bisa sandan da bakin tsagar gaba ɗaya, kana turawa sannu sannu. Ka yi inci guda, ka tsaya, ka yi na gaba. In da wuƙa ka ke yi, ɗaya tana hannu, ɗaya tana wuta. Ka goge bakinta da tsumma ko ka kankare shi kafin ka mayar, kada toka ta shiga liƙin. Ka cika har ramin da ka huda a ƙarshen tsaga.

6. Ka yanki raga mai faɗin inci biyu, tsawonta ya ɗan wuce tsagar. Ka shimfiɗa ta bisa liƙin, inci guda kowane gefe. Ka danna ta da ƙarfe mai zafi kaɗan kaɗan, har roba ta ɓullo ta idanunta ta rufe ta. Kada ka danna ta fito ta waje. Kamar yadda magini ke zuba ciyawa cikin ƙasar gini domin kada bango ya tsage, haka raga ta ke yi wa liƙi. In ba ka sami raga ba, ka lanƙwasa gajerun wayoyi kamar tafiyar maciji, ka nutsa su a gicciye bisa tsagar. Sa'an nan ka ƙara narka roba a kai ta rufe ƙarfen duka, domin kada ya yi tsatsa.

7. Ka ajiye ta a inuwa ta huce da kanta. Kada ka tsoma ta a ruwa, sanyin gaggawa yana sa ta karkace. Sannu ba ta hana zuwa.

8. Da ta huce, ka cire salatif, ka lanƙwasa ta kaɗan da hannu. In liƙin zai ɓare, gara ya ɓare a hannunka da ya ɓare a kan hanya.

In kana son waje ya yi kyau, ka bi layin tsagar da ƙarfe sama-sama, ka goge da samfefa, ka shafa fenti. ABS tana karɓar fenti. PP da PE kuwa fenti ba ya zama a jikinsu sai da wani shafi na musamman, saboda haka a bar su yadda su ke.

Hanya ta uku: gam

Mutane da yawa gam su ke fara nema, domin ya fi sauƙi. To, ku sani: gam na kasuwa ba ya kama PP da PE. Ko sufa gulu, ko gam mai haɗi biyu, bushewa za su yi a kai, sa'an nan su ɓare. Kada ku ɓata kuɗinku.

A jikin ABS kuwa suna kamawa, in an goge wurin da samfefa ya yi kaushi. Sufa gulu yana yi wa ƙaramar tsaga inda ba nauyi, amma ba ya jure girgiza. Ku yi hankali da shi: yana manne yatsu, in ya haɗu da auduga kuma yana ɗaukar zafi har ya ƙona fata. In ya manne yatsunka, ka jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, kada ka ja. In ya shiga ido, a wanke da ruwa a tafi asibiti.

Akwai wata dabara da ta fi wa ABS kyau. Ana sayar da wani ruwa mai suna asiton a shagunan fenti da na kayan sinadari. Yana narka ABS ba tare da wuta ba, amma ba ya taɓa PP da PE. Ka kankare ɓarɓashin ABS cikin kwalba, ka zuba asiton ya ɗan rufe shi, ka toshe, ka bari ya kwana. Da safe za ka tarar ya zama kamar kunu mai kauri. Ka shafa shi cikin kwarin tsaga ta ciki, siriri. In ya bushe ka ƙara, ka sa raga, ka ƙara. Ka ba shi kwana guda cur kafin ka ɗaura. Asiton yana kama wuta kamar fetur, yana kuma cin fenti. A yi aikinsa a fili, ba taba, ba fitila, ba murhu kusa.

In kunne ne ya karye

Kunne shi ne ɗan wurin nan mai rami inda noti ke shiga. Shi ya fi karyewa, domin shi ke ɗauke da nauyin robar duka. Liƙi kaɗai ba ya isarsa. Ka yanki ɗan langa-langa, ka goge bakinsa kada ya yi kaifi, ka huda masa ramin noti. Ka bar masa jela mai tsawon inci biyu, ka huda ta wuri uku ko huɗu. Ka ɗinke jelar da waya a bayan robar, sa'an nan ka narka roba a kai ta bi ta ramukan. Kunnen ƙarfe ke nan, ya fi na asali ƙarfi.

Abin da ba a gyarawa

Ba kowace roba a ke liƙewa ba. Akwai abu huɗu da za ku bari.

Na ɗaya, hular kwano. A ran 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. A lokacin an ga waɗansu sun kifa ƙwarya a kā domin su tsere wa kamu. Hular da aka liƙe ba ta fi ƙwaryar nan ba. A cikinta akwai wani farin abu mai kama da totuwa, shi ke shanye bugu. Sau ɗaya ya ke aikinsa. In hula ta sha bugu mai ƙarfi ko ta tsage, ta gama aiki, ko da an rufe tsagar. Kai kuwa ba a sayar da shi a kasuwa.

Na biyu, duk abin da fetur ke zama ko bi ta cikinsa. Kada ƙarfe mai zafi ya kusance shi, ko da ka juye man.

Na uku, jikin batir. Ruwan cikinsa yana cin fata da tufa, yana makantarwa.

Na huɗu, robar da rana ta cinye. Alamarta ita ce ta yi fari-fari, in ka kankara tana zuba kamar gari. Wannan ta mutu. In ka liƙe nan, gobe can zai tsage.

Har wa yau, in madigadin gaba ya rabu biyu kusa da notunansa, ka auna da kyau. In ba ka amince da gyaran ba, ka kwance shi ka ajiye har ka sami wani. Tafiya da taɓo a riga ta fi kwana a asibiti.

Rigakafi

Ba faɗuwa kaɗai ce ke kawo tsaga ba. Akwai kuma abu uku: girgiza, da ɗaurin noti fiye da kima, da rana.

A ƙarƙashin notunan roba a kan sa ɗan zobe mai laushi domin ya shanye girgiza. In ya ɓace, ka yanki tsohuwar robar cikin taya ka sa a madadinsa. In kana ɗaura noti, da ka ji ya kama ka tsaya. Ka riƙa jingine babur a inuwa. In za ka ɗaura buhu, kada igiya ta bi ta kan roba, ta bi ta kan ƙarfe.

Kowace ranar da ka wanke babur, ka bi robobinsa da hannu kana girgizawa. Tsagar da ba ta wuce inci guda ba, huji ɗaya da ɗinki biyu sun ishe ta. In ka bar ta wata guda, sai ta zama aikin yini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sababbin kalmomi

madigadi, tsaga, liƙi, raga, samfefa, magagari, digiri, asiton, girgiza, rigakafi.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin madigadi, mene ne kuma aikin murfin gefe?
2. Faɗi irin roba uku da a ke samu a jikin babur.
3. Ɓarɓashin roba ya taso bisa ruwa. Gam zai kama wannan roba?
4. Don me a ke huda rami a ƙarshen tsaga?
5. Ta yaya za ka gane ƙarfen liƙi ya yi zafi fiye da kima?
6. Don me ba a liƙi roba tana jikin babur?
7. Faɗi abu huɗu da ba a gyarawa.

Lissafi

Wani manomi zai yi wa madigadinsa ɗinki 8. Kowane ɗinki yana bukatar rami 2 da waya inci 3. Rami nawa zai huda? Waya inci nawa zai yanka?

Aikin gida

Kowa ya duba gindin kayan roba uku a gidansa, bokiti ko kofi ko jarka. Ya rubuta sunan kowanne da lambar da ya gani. Wanda ke da karyayyar robar babur ya zo da ita aji mai zuwa, a wanke. Za mu fita gindin itace mu gyara guda tare, kowa ya gani da idonsa, ya kuma taɓa da hannunsa.